Akwatin Da Ke Ƙarƙashin Kujera

Mu masu haɗa sauti a mota, har yau sana'armu ba ta da tsayayyen suna. Wasu su ce mana masu rediyo, wasu su haɗa mu da 'yan rewaya, wasu kuma in sun tashi kwatance sai su ce "waɗannan masu sa wufa a but". Duk wanda aka kira muna amsawa. Amma in mu aka tambaya, abin da muke taƙama da shi a aikin nan shi ne amfilifaya, wannan akwatin ƙarfe mai nauyi da ake ɓoyewa a ƙarƙashin kujera ko a jikin bangon but, wanda mai mota kan biya kuɗinsa sau ɗaya, daga nan ya manta da kamanninsa. Rediyo ce ke samun yabo saboda ita ake gani tana walƙiya. Sifika ma tana samun nata. Amfilifaya kuwa jaki ce, ita ke ɗaukar kayan, ba a tuna ta sai ranar da ta kwanta.

Aikinta ba wani boyayyen abu ba ne. Rediyon mota, ko da an rubuta mata wat 50 sau huɗu a kwali, abin da take iya bayarwa tsakani da Allah bai cika wuce wat 15 zuwa 20 ga kowace sifika ba. Da ka murɗa ta sama sai murya ta fara karcewa, kalangu ya koma kamar ana dukan gwangwani. Amfilifaya ita ke karɓar wannan siririn saƙo, ta ja wuta daga batir, ta mayar da shi ƙaƙƙarfa ba tare da ta ɓata masa kama ba. A wannan "ba tare da ta ɓata ba" ɗin ne kuɗi suke. Ƙara ba ta da tsada, kowane ɗan adaidaita sahu yana da ita. Tsabtar sauti ce mai tsada: ka ji kuntigin Ɗanmaraya Jos kamar yana zaune a kan dashbod, ka ji inda mai karatun Alƙur'ani ya ja numfashi kafin ya shiga aya ta gaba. Da yawa cikin manyan kwastomominmu ma ba kiɗa ne ya kawo su ba, tafsiri suke so su ji tangaran daga Kano har Abuja ba tare da kansu ya yi ciwo ba.

Sunayen da muka taso muna girmamawa a wannan fanni kaɗan ne, kuma duk na nesa ne. Daga Amurka akwai Rockford Fosgate da JL Audio da Kicker. Daga Japan akwai Alpine da Pioneer da Kenwood da Clarion. Daga Italiya akwai Audison da Hertz da Mosconi, daga Jamus kuma Helix da Brax. Yawancinsu ba mu taɓa ganinsu sababbi a kwali ba sai jefi-jefi. A cikin motocin Kwatano muka san su, inda wani matashi a can Amurka ya kashe kuɗinsa ya ƙawata motarsa, ta yi hatsari, aka yi gwanjonta, ta tsallako teku da amfilifayar a maƙale a but. Dillalin mota bai san darajarta ba. Mu mun sani. Da irin waɗannan muka koyi aiki, muna buɗe su muna kallon yadda aka jera kayan ciki kamar ɗakin amarya.

To yanzu ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Cikin 'yan shekarun nan, da dama cikin waɗannan sunaye sun canza hannu, kuma wanda ya duba su wa suka saya, zai gane inda kasuwar ta dosa ba sai an yi masa duba ba.

A fara da Rockford Fosgate, tunda ita ce uwa. A 1973 Jim Fosgate ya ƙera amfilifayar da ake yawan cewa ita ce ta farko da aka yi musamman don mota. Kamfanin ya zauna a Tempe, jihar Arizona, ya yi zamaninsa, har ta kai duk saurayin da ke son a ji zuwansa tun daga kwana sunan nan yake nema. A 2022 wani kamfani mai suna Patrick Industries ya saye shi. Patrick ba ya harkar motocin hawa. Sana'arsa samar da kayan haɗa jiragen ruwa na shaƙatawa, da motocin nan masu ɗaki da kicin da Amurkawa ke yawon buɗe ido da su. Shekara ɗaya kafin nan ya sayi Wet Sounds, wanda ke yin sauti na kan ruwa. JL Audio kuwa, wanda aka kafa a Fulorida a 1975, wanda kuma da yawanmu ke ɗauka shi ne gwanin gwanaye a wufa, a 2023 Garmin ya saye shi. Garmin ɗin nan dai na agogon hannu da na'urar nuna hanya, wanda yake da babbar kasuwa a kayan lantarkin jiragen ruwa, kuma tun 2014 ya mallaki Fusion, shi ma mai sautin ruwa.

Wato manyan sunaye biyu na sautin mota, masu harkar ruwa ne suka saye su. Mun daɗe muna juya wannan a rumfa. Fahimtarmu ita ce: jirgin ruwa da babur da motar shiga daji har yanzu a buɗe suke, mai su yana iya cire wannan ya sa wancan, kuma wanda ya iya sayen jirgin shaƙatawa ba ya tsayawa ciniki a kan amfilifaya. Ga shi Rockford ne ke yi wa baburan Harley-Davidson sauti tun daga masana'anta. Mota ce ta rufe ƙofa, shi ya sa masu kayan suka nemi wata ƙofar.

Na Japan ma labarin bai canza ba. JVC da Kenwood sun haɗe tun 2008. A 2019 kaɗai, Alpine ya narke cikin Alps Electric suka zama Alps Alpine, kamfanin Faurecia na Faransa ya sayi Clarion daga hannun Hitachi, Pioneer kuma, da bashi ya yi masa katutu, ya fita daga kasuwar hannun jari ya koma hannun masu zuba jari na Baring. A 2025 aka sanar da sayar da Pioneer ga CarUX, wani reshe na Innolux na Taiwan, masu ƙera allon da ake sa wa a dashbod. Mai yin allo ya sayi mai yin rediyo. Wanda ya taɓa ganin yadda ake rububin rediyon Pioneer mai kaset a Sabon Gari, wannan labari zai ɗan sosa masa rai.

Ta yaya mota ta rufe ƙofa? A nan ne za mu ɗan daɗe, domin da hannunmu muke taɓa abin kullum.

A da, rediyon mota tana da ma'auni ɗaya. Ramin da ke dashbod ɗin Peugeot 504 shi ne kusan ramin da ke na Golf, shi ne na Corolla. Ka zare tsohuwa, ka zura sabuwa, ka ja waya zuwa but, ka ɗaura amfilifaya, kafin la'asar an gama. Mai mota ya san rediyon da aka ba shi daga kamfani ba ta da kirki, kamfanin ma ya sani, kuma bai damu ba. A wannan rashin damuwar ne Rockford da Alpine suka gina arziƙinsu. Sai masu ƙera motoci suka farga cewa ana cin kasuwa a bayan gidansu. A 1983 aka fara fitar da Cadillac Seville da sautin Bose tun daga masana'anta. Daga nan abin ya zama yayi: Lexus ya ɗauko Mark Levinson a farkon shekarun 2000, Audi ya ɗauko Bang & Olufsen, Bentley ya ɗauko Naim, Porsche da Mercedes suka ɗauko Burmester, Toyota kuma ya riƙe JBL. Attajirin da a da zai kawo mana sabuwar motarsa mu kwana uku a kanta, yanzu tun a takardar oda yake zaɓar sautinsa, a haɗa masa a kuɗin mota.

Kuma mutane ƙalilan ne suka san cewa da dama cikin waɗannan sunaye gida ɗaya suke kwana. JBL da Infinity da Harman Kardon da Mark Levinson da Revel duk na Harman ne, kuma a 2015 Harman ya sayi sashen mota na Bang & Olufsen. Shi kansa Harman, Samsung ya saye shi a kan kusan dala biliyan 8, cinikin da aka kammala a 2017. A 2025 Harman ya ƙara da sayen rukunin da ya ƙunshi Bowers & Wilkins da Denon da Marantz a kan dala miliyan 350. A ɗaya ɓangaren, Bose ya sayi McIntosh da Sonus faber a 2024, bayan McIntosh ya shiga motocin Jeep, Sonus faber kuma ya shiga Maserati. Duk wanda ya ce sauti mai tsada a mota ya mutu, bai duba waɗannan alƙaluma ba. Ba a zuba biliyoyi a kan gawa. Kuɗin suna nan, hanya ce suka canza: a da ta shagon irinmu suke bi, yanzu daga kamfani zuwa kamfani suke tafiya.

Abin bai tsaya a suna ba, ya shiga har cikin waya. Motar yau rediyonta ba rediyo kaɗai ba ce. Allon nan shi ke riƙe da na'urar sanyaya mota, da kyamarar baya, da saitin ƙofofi, da ƙarar da ke gaya maka ba ka ɗaura bel ba. Ka cire shi, ka kashe rabin motar. Saƙon sauti kuma ba ya tafiya ta wayar jan ƙarfe da za ka yanka ka jona. A motocin Jamus da yawa ta zaren haske yake bi, tsarin da ake kira MOST, a wasu sababbin kuma ta wani tsari na dijital mai suna A2B. Wasu motocin suna da makirufo a rufi da ke sauraron gurnanin inji, su fitar da wani amo ta sifika don su kashe shi. Ka ɗaura wufa ba ka san da wannan ba, sai mota ta riƙa kuka ita kaɗai kamar mai aljanu, mai ita ya dawo yana huci.

Akwai wani Alhaji da ya kawo mana jif ɗinsa, ya ce a cire komai a sa masa irin wanda muka sa masa a tsohuwar motarsa shekaru goma da suka wuce. Muka ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba a cire mata komai, sai dai a lallaɓa ta." Ya ce, "To ku lallaɓa ta mana, ai ku ne malaman." Da muka gaya masa cewa ƙaramin akwatin da zai fassara yaren motar zuwa yaren amfilifaya shi kaɗai ya kusa kuɗin amfilifayar, sai ya yi dariya ya ce ashe motar ma tafinta take nema. Ya biya, don yana da shi. Amma a cikin goma da ke zuwa da irin wannan buƙata, takwas juyawa suke yi.

Wannan matsin daga sama ke nan. Akwai kuma na ƙasa, wanda a ganinmu ya fi ciwo.

Tsohuwar amfilifaya mai daraja, irin da ake kira aji A/B, kusan rabin wutar da take ja zafi yake zama. Shi ya sa take da girma, da nauyi, da haƙarƙarin alminiyam. Yin ta da kyau sai gwani, kuma gwani sai kuɗi. Da fasahar aji D ta nuna, wadda ke iya mayar da kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na wuta ya zama sauti, sai akwatin ya ƙanƙance, ya yi sanyi, ya yi araha. Da farko ana raina ta, ana cewa ta wufa ce kawai. Yanzu manyan kamfanonin ma ita suke yi. Matsalar ita ce, da zarar sirri ya koma cikin ɗan ƙaramin guntu da kowace masana'anta a Sin za ta iya saya, tazarar da ke tsakanin mai tsada da mai araha sai ta tsuke. Ga kuma 'yan Birazil, Taramps da Stetsom da Soundigital, waɗanda suka taso a ƙasar da ake jera sifikoki kamar katanga a bayan mota ana gasa, suna sayar da wat dubbai a kuɗin da a da ba zai sayi wat ɗari biyar ba. Ba mu ce sun kai Brax daɗin sauti ba. Amma saurayin da burinsa gilashin maƙwabta ya girgiza, ina ruwansa da Brax?

Sai jabu. A kasuwanninmu za ka ga kwali da babban suna, an rubuta wat 5000, farashinsa bai kai na buhun shinkafa ba. Ga dabarar da muke koya wa yaranmu, kuma mai karatu ma ya riƙe ta: ka duba fis ɗin da ke jikinta. Wutar mota idan inji na aiki ba ta wuce bolt 14 da 'yan kai. In fis ɗin na amfiya 30 ne, to 14 sau 30 ya ba ka 420, kuma ko wannan ba duka zai zama sauti ba. Amfilifayar da za ta ba da wat 1000 na gaskiya tana buƙatar amfiya 80 zuwa 90, abin da cajin ƙananan motoci da yawa ba zai iya ɗauka ba in an kunna fitila da na'urar sanyi. Lissafi ba ya jin kunyar kowa. Sai dai illar ta riga ta auku: wanda ya sayi jabu ta ƙone masa a wata biyu, sunan da ke kwalin zai zaga, kuma ba zai sake yarda ya biya kuɗin na ainihi ba.

A kan wannan duka sai ga canjin kuɗi. A farkon 2023 ana sayen dala kusan naira 750 a kasuwar bayan fage. Bayan an saki naira a watan Yunin shekarar, kafin 2024 ta yi nisa dala ta haura 1,500. Amfilifayar dala dubu ta tashi daga dubu ɗari bakwai da hamsin ta koma miliyan ɗaya da rabi, ban da kuɗin jirgi da na kwastan, a daidai lokacin da cire tallafin mai ya sa mutane ke ajiye motocinsu a gida. Wanda ke lissafin litar da za ta kai shi ofis ba ya zancen tsabtar sauti. Mu dai mun daina ajiye masu tsada a kanta. Sai an ba da kuɗi muke yin oda.

Duk da haka ba mu ga alamar waɗannan kamfanoni za su shuɗe gaba ɗaya ba, kuma dalilinmu biyu ne.

Na farko, motoci suna daɗewa a hanya fiye da da. A Amurka matsakaicin shekarun motar da ke kan titi ya haura 12. Wanda ya kasa sayen sabuwa yakan huce haushinsa a kan gyara tsohuwa, kuma waɗannan tsofaffin su ne gobe za su sauka a Kwatano da Legas. Kasuwarmu kullum tana bayan tasu da shekara goma ko fiye, don haka ƙofar da ta rufe a can, a nan da sauran ɗan sarari.

Na biyu shi ne ya fi muhimmanci. Kamfanonin da suka farga da wuri sun daina sayar da ƙarfi, sun koma sayar da ƙwaƙwalwa. Audison da Helix da Mosconi, da JL Audio ma, yanzu amfilifayoyinsu na sama suna zuwa da na'urar sarrafa sauti a ciki, wadda ake kira DSP. Ita ce ke karɓar saƙon da rediyon kamfani ta riga ta murɗe, ta warware shi, ta raba wa kowace sifika nata rabon. Kuma tana yin wani abu da babu yawan wat ɗin da zai yi shi. Direba ba a tsakiyar mota yake zaune ba, sifikar hagu ta fi kusa da kunnensa. Sauti yana tafiyar kusan santimita 34 a cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, don haka na hagu yana riga na dama isowa, sai ka ji duk waƙar ta tattare a ƙofar direba. Da DSP sai a jinkirta na kusa da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, duka su iso tare, mawaƙi ya dawo tsakiyar gilashi. Ranar da mutum ya fara jin wannan, shiru yake yi. Wannan ne kayan da mai araha bai iya kwaikwayo da sauƙi ba tukuna, domin rabin darajarsa a manhaja take, da kuma sanin yaren kowace mota. A ganinmu, masu wannan ne za su rayu: ƙanana, masu tsada, masu kwastomomi kaɗan amma masu riƙon amana. Kicker, da har yanzu yake hannun mutanen da suka kafa shi a Stillwater ta jihar Oklahoma tun 1973, zai ci gaba da cin kasuwar tsakiya. Waɗanda muke ji wa tsoro su ne masu tsada da ba su da abin nunawa sai tsohon suna da yawan wat.

Motocin lantarki kuwa takobi ne mai kaifi biyu. Babu gurnanin inji, don haka kunne yana jin komai, mai kyau da marar kyau, kuma mai jiran caji yana zaune a mota ba abin yi sai saurare. Wannan ya ɗaga darajar sauti. Amma kamfanonin sun riga sun kame wurin. Tesla da kansa yake tsara nasa, bai nemi sunan kowa ba. BYD na Sin yana sa Dynaudio a wasu motocinsa, kuma Dynaudio ɗin, duk da asalinsa na Denmak ne, tun 2014 kamfanin Goertek na Sin ya mallaki mafi yawansa. Sannan Cybertruck ta zo da wutar bolt 48 a maimakon 12 da yawancin amfilifayoyin mota suka dogara a kai. In sauran suka bi sahu, kayan da ke kantunan duniya yau sai an sake musu tsari. Ga garanti: wa zai yarda a yanka waya a motar da batirinta kaɗai ya fi kuɗin gida?

Abin da ya rage mana shawara a kai shi ne yaran da iyayensu ke kawo mana koyon aiki. A da kayan aikin ɗan koyo filaya ne da abin gwada wuta da salatif. Yanzu duk wanda ya zo, tambayar farko da muke yi wa mahaifinsa ita ce ko yaron ya iya taɓa kwamfuta, domin saita DSP da laftof ake yi, da makirufo a kujerar direba, ana kallon zane a allo. Wasu iyayen sukan yi mamaki, su ce su fa gyaran rediyo suka kawo shi. Cikin yara shida da ke rumfarmu a yanzu, biyu ne suka kama wannan ɓangaren, kuma su muke turawa idan sabuwar mota ta shigo. Sauran huɗun suna kan ɗaura allon Android na Sin a tsofaffin Corolla da Civic, aikin da shi ke biyan kuɗin haya a wannan shekarar.